Abin Da Ba Shi Cikin Takardar Diyya

Ku 'yan makaranta, akwai wani baƙo wanda ba ya sallama. Ba ya tsayawa a zaure ya jira maigida, darni kuwa ba ya tare shi. In ya sauka gidanka ba ya cin tuwonka, ba ya taɓa rumbunka, amma sannu a hankali sai ka ga barcinka ya ragu, ɗanka ya koma baya a karatu, ka rasa inda za ka kai ƙara. Abin dariya, sunan baƙon ma ke nan, ƙara. Zancensa mu ke so mu yi da ku yau, gama mun taɓa zama da shi muna yara kamarku, ga shi kuma da tsufanmu aka ce mana yana nan tafe garinmu.

A watan Fabrairu na shekarar 2021 aka yi bikin soma aikin hanyar jirgin ƙasa wadda aka shirya za ta tashi daga Kano, ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ta ƙetare iyaka har Maraɗi a ƙasar Nijar. Tsawonta kamar kilomita 284 ne, watau mil 176 ko kusa da haka. Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane irin murnar da aka yi ba. Tun 1911 dogo ya iso Kano, a 1929 ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru, amma mutanen Daura da na Katsina sun yi shekara fiye da 100 suna jin labarin jirgi wurin fatake kawai. Ƙauyenmu yana tsakanin Kazaure da Daura. Ran da labari ya zo har guɗa aka yi, mu ma kuwa da mu aka yi murnar, ba mu ɓoye ba.

Ba a daɗe ba sai ga samari masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku. Suka yi kwanaki suna leƙe-leƙe cikin gonaki, suka kakkafa turaku masu jan fenti, suka wuce gaba. Wata safiya mun fita miƙe ƙafa, tun da aikin koyarwa ya riga ya sallame mu, sai muka bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya don mu ga inda suka nufa. Suka ratsa gonar yayanmu, suka bi ta gindin wata tsohuwar kuka, suka gangara fadama suka haura, sai ga su bayan makarantar garin, daidai tagogin aji ɗaya da aji biyu. Nan muka tsaya. Yara suna ciki suna maimaita baƙaƙe, muna jin kowane harafi sarai daga gindin turke. Muka ce a ranmu, to, in muryar yaro ta iso nan, mene ne zai hana muryar jirgi ta isa can?

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mana a rai shi ne, a Zariya muka yi karatunmu na fari, wajen wani kawunmu, a wata makaranta da ke kusa da dogo. Zariya mahaɗar jiragen ƙasa ce, nan hanyar Kano ta rabu da ta Funtuwa da Gusau, zamanin nan kuwa jirage suna kai da kawowa ƙwarai. Muna da wani malamin lissafi, Allah Ya jiƙansa, mutum mai sanyin murya. Da ya ji usur daga nesa sai ya tsaya cik, alli a sama, baki a buɗe, kalma ta tsaya rabi. Mu kuwa sai mu juya taga mu shiga ƙirga taragu. In jirgin kaya ne, kafin wutsiyarsa ta shige an yi minti biyu ko uku, ƙasa tana rawa, kwanon rufi yana amsawa. Bayan ya wuce sai malam ya ce, "Ina muka tsaya?" Ba mai sani. Wani ya ce tarago 28 ne, wani ya ce 30, gardama ta kaure.

Kada ku zaci mun ƙi abin a lokacin. Wallahi daɗi mu ke ji, hutu ne Allah Ya kawo mana a tsakiyar darasi. Sai da muka girma muka riƙe alli da kanmu, sa'an nan muka gane abin da bawan Allah nan ya sha. Bayani kamar igiyar guga ya ke, in ta tsinke a tsaka, ba a ɗaurewa daga inda ta tsinke sai an sake jefa wata. Raba dogon lissafi bai zauna mana ba sai da muka canja makaranta, mun kuwa daɗe muna ɗauka kwanyarmu ce ba ta ja.

To, ran da aka tara mutane ƙofar gidan dagaci don zancen diyya, muka tafi da wannan a zuci. Aka yi aiki na tsanaki, ba mu da abin zargi. Aka auna gonaki, aka ƙirga itatuwa, ɗorawa da kuɗinta, mangwaro da kuɗinsa, kuka da tsamiya kowace da nata, har rijiya da rumbu an rubuta. Da aka ce ko akwai mai magana, muka tashi muka gai da dagaci, muka ce, "Ranka ya daɗe, muna da tambaya ga baƙinmu. Samari, an biya mai gona, an biya mai itace. Wanda ba a taɓa masa ko taki ɗaya na ƙasa ba, amma jirgi zai riƙa wucewa bayan ɗakinsa, a wane layi na takardarku ya ke?"

Babbansu yaro ne mai ladabi. Ya duba takardarsa, ya ɗago, ya ce, "Baba, gaskiya wannan ba shi cikin abin da aka aiko mu mu rubuta. Mu namu ƙasa ce da abin da ke bisanta." Ba mu ga laifinsa ba, iyakar saƙonsa ke nan. Amma jama'a suka yi mana caa. Wani ya ce arziki yana bin mu muna gudu. Wani ya ce 'yan boko ba su rasa abin cewa. Da muka koma gida yayanmu ya kira mu ya ce, "Kai yanzu da girmanka, don kukan jirgi za ka sa a ce garinmu ne ya ƙi ci gaba?" Muka ce, "Yaya, ba jirgi muka ƙi ba, masauki mu ke so a gyara masa." Ya ce shi dai bai taɓa jin wanda ƙara ta kashe ba.

Maganar Yaya ita ce maganar yawancin mutane, don haka ya kamata ku da ke makaranta ku san amsarta. Ƙara tana da ma'auni kamar yadda tsawo ke da ƙafa, nauyi ke da laba. Sunan ma'aunin desibel. Raɗa kamar desibel 30 ce, hira tsakanin mutum biyu kamar 60. Wanda ya ke yini cikin ƙarar da ta kai 85, sa'a 8 kowace rana, a kwana a tashi jinsa zai ragu, shi ya sa ku ke ganin tsofaffin masu injin niƙa sai an ɗaga musu murya. Amma ma'aunin nan yana da wata dabara da ke ruɗin mutane. Ba kamar mudu ya ke ba, da za a ce 60 ninkin 30 ne. Duk sa'ad da aka ƙara 10, kunne ya kan ji kamar an ninka ƙarar sau biyu. Ashe ke nan 70 ninkin 60 ne, 80 kuwa ninkinsa huɗu.

Ga lissafi ku gwada a allo. A Amurka doka ta ce usur ɗin jirgi kada ya kasa desibel 96, kada kuma ya wuce 110, in an auna daga ƙafa 100. Mu ɗauka 100 ne don sauƙi. Ƙarar da ke fitowa daga wuri guda, kamar usur, ta kan ragu da 6 duk sa'ad da ka ninka nisanka. A ƙafa 200 ta zama 94, a ƙafa 400 ta zama 88, a ƙafa 800 ta zama 82. Kun ga mutum ya yi tafiya mai nisa, amma har yanzu usur ya fi muryar malaminku nesa ba kusa ba. Rugugin taragu kuwa ya fi wannan taurin kai, domin jirgi dogo ne, ƙararsa tana fitowa daga kai har wutsiya, a kusa da shi 3 kaɗai ta ke raguwa in an ninka nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta bayar a 1999, ta ce ƙarar da ke cikin aji lokacin darasi kada ta wuce 35, ta ɗakin kwana da dare kada ta wuce 30.

Abin da ya faru da mu a Zariya, ashe an auna irinsa a wata ƙasa. A birnin Niyok na Amurka akwai wata makaranta wadda jirgi ke wucewa kusa da ita bisa gadar ƙarfe, tsakaninsu ƙafa 220. Wata malama masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta lura azuzuwan makarantar kashi biyu ne, waɗansu suna duban dogo, waɗansu suna ɗaya gefen inda ba a ji sosai. Yaran unguwa ɗaya ne, littattafai iri ɗaya. Jirgi yana wucewa kamar kowane minti 4 da rabi, kowane wucewa malami ya yi shiru kamar rabin minti. Da ta gwama sakamakon karatunsu, ta buga abin da ta samu a 1975: yaran aji shida na gefen dogo sun kasa 'yan'uwansu na ɗaya gefen da kusan shekara guda a iya karatu. Shekara guda, jama'a, ba a doki kowa ba, ba a ƙwace littafin kowa ba.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa amfani. Aka sa roba ƙarƙashin ƙarafan dogo wajen makarantar, aka liƙa wa rufin azuzuwan da abin ya fi damu wani abu mai shanye ƙara. Ƙarar ba ta ɓace ba, raguwa ta yi da kamar desibel 6 zuwa 8. Malamar ta koma ta sake gwadawa, a 1981 ta ba da labari cewa bambancin nan ya tafi, yaran gefe biyu sun yi daidai. A Jamus ma an ga haka a 1992, sa'ad da aka rufe tsohon filin jirgin sama na Munik aka buɗe sabo a wani wuri. Yaran da ke kusa da tsohon fili karatunsu da riƙon abu a ka suka gyaru, na kusa da sabon kuwa nasu ya ja baya.

Sai dai mu faɗi gaskiya ko da ta rage wa hujjarmu ƙarfi. Ƙauyenmu ba Niyok ba ne, ba wanda ke tsammanin jirgi kowane minti 4 tsakanin Kazaure da Daura. Hanyoyin zamani kuma galibi ƙarafansu a narke a ke haɗa su, babu gaɓoɓin nan da ke sa ƙafar jirgi ta riƙa ƙwal-ƙwal kamar na tsohon dogo. Inda aka yi gada hanya ta bi ta sama ko ta ƙasa, direba ba ya bukatar yawan busa. Har wa yau, tarago ɗaya yana ɗaukar abin da babbar mota ke ɗauka ko fiye, saboda haka mutanen da gidajensu ke bakin titin mota watakila su sauƙi za su samu. Duk mun yarda da wannan. Abin da ya fi damunmu abu biyu ne, dare da tasha.

Wanda ya kwana ƙauye da hunturu ya san yadda sauti ke tafiya da dare. Da rana ba mu jin motocin da ke bin hanyar Daura, amma in dare ya raba, sanyi ya sauka, sai ka ji babbar mota tana canja giya kamar a bayan gida ta ke. Tsofaffi su kan ce dare ne ke da kunne. Dalilin shi ne, da dare ƙasa ta kan huce, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi. Sauti ya fi sauri cikin iska mai ɗumi, don haka wanda ya nufi sama sai ya tanƙwaro ya komo ƙasa, ya sauka can nesa. Jirgin kaya kuwa a ƙasashe da yawa da dare ya fi tafiya, don a bar wa na fasinja rana. Mutum ya kan ce ya saba, ba ya ko farkawa. Masana barci sun auna sun ga ko mai barci bai farka ba, zuciyarsa ta kan ƙara bugu in ƙara ta wuce, barcinsa mai nauyi ya koma marar nauyi. Hankali ne ke sabawa, jiki ba ya sabawa duka. Manomin da zai kama garma da asuba, da mai jego, da tsoho mai hawan jini, su ne za su biya wannan, ba kuwa da rasit ba.

Tasha kuma, in Allah Ya sa aka yi ta kusa, jirgi shi ne mafi ƙanƙantar ƙararta. Shi minti kaɗan ya ke yi ya tafi. Masu rakiyarsa su ne ba su tafiya: manyan motoci masu jiran kaya, 'yan kamasho, masu babura, janareta, injin niƙa, mai sayar da magani da lasifikarsa tun safe har magariba. Haka unguwannin tasha suka tashi a Kano da Zariya da Gusau. Arziki ne, ba mu musa ba, 'ya'yanmu ne za su ci. Amma yanzu a garinmu mace tana daka a wannan unguwa, ta waccan unguwa ta gane ko wace ce da jin luguden. Makiyayi yana kiran shanunsa daga fadama a ji shi a kasuwa. Wannan ma dukiya ce, sai dai ba ta da mai ita, shi ya sa ba wanda ya tashi ya karɓi kuɗinta ƙofar dagaci.

Maganin abin ba asiri ba ne, kakanninmu ma sun san shi ba da desibel ba. Sauti ba ya son abu mai nauyi. Ku shiga soron ƙasa mai kaurin bango ku ji yadda hayaniyar waje ke mutuwa, sa'an nan ku shiga ajin bulo mai rufin kwano da taga ba murfi ku ji bambanci. Tudun ƙasa ko katanga, in ta yi tsawon da za ta tare maka ganin ƙafafun jirgi, ta kan rage kamar desibel 5, mai kyau ta kai 10, watau rabin ƙarar ke nan a kunne. Ganuwa dai, irin wadda aka kewaye Kano da Katsina da ita, sai dai wannan ba don mahara ba. Masu aikin dogo kuwa ƙasa su ke haƙa tuli-tuli, motocin turata suna wurin. A lokacin aiki, tara ta bayan makaranta aikin 'yan kwanaki ne. In an gama an kwashe motoci, ya zama sabon aiki mai neman sabon kuɗi da sabuwar takarda, kun kuwa san yadda wannan ke daɗewa. Itatuwa fa? Mutane suna ba su amana fiye da ƙarfinsu. Layi ɗaya na darbejiya ido kawai ya ke tarewa, sai kurmi mai duhu, mai kaurin ƙafa 100, ya ke rage kamar 5.

A nan ne za mu faɗi namu laifi. Tun 1992 akwai doka a Nijeriya wadda ta ce kafin a yi babban aiki irin su dogo da madatsar ruwa da filin jirgin sama, sai an binciki abin da zai jawo wa mutane da ƙasa da ruwa da iska, ƙara ma tana ciki, a rubuta rahoto, a ajiye shi inda jama'a za su karanta su faɗi ra'ayinsu, har kwana 21 na aiki. A 2009 kuma an yi ƙa'idodi musamman na iyakance ƙara. Mun san da wannan, mun ma taɓa koya wa yara shi. Amma ba mu taka mun je sakatariyar ƙaramar hukuma mun tambaya ba. Muka zauna sai da turke ya zo bayan taga, sa'an nan muka tashi muna yi wa yaron da aka aiko ƙirgar mangwaro tambayar da ba tasa ba. A garin da masu iya karanta rahoto na Turanci ba su fi a ƙirga da yatsu ba, in su ba su je ba, wa zai je? Rahoton irin wannan ba don injiniyoyi kaɗai a ke ajiye shi ba. Wanda ya gama aji shida da kyau, ya san mene ne desibel, yana iya buɗe shi ya nemi sunan garinsu, ya duba ko an ambaci makaranta da asibiti, ya tambaya da wane lokaci aka yi awon, da rana ko da dare.

Da muka ga bakin alƙalami bai gama bushewa ba, muka tafi wurin hedimasta, wanda dā ɗalibinmu ne. Ya ce, "Malam, me ka ke so a yi?" Muka ce ya ba mu aron manyan yara uku. Muka sa su taka daga bangon aji ɗaya zuwa turke mafi kusa, kowa ya ƙirga nasa. Na fari ya sami 118, na biyu 121, na uku ya ce 140, aka bincika aka tarar gajere ne. Muka tsaya a kan 120, kamar ƙafa 300 ke nan. Yaran da kansu suka yi lissafin a allo, suka ga usur mai desibel 100 zai iso tagarsu yana kusan 90. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in an rufe taga fa?" Muka ce ta dubi tagar. Aji ya fashe da dariya, gama rabon tagar nan da murfi tun kafin a haife ta.

Muka rubuta takarda da Hausa da Turanci, ba ta ƙin aiki ba, ta roƙon abu uku: a tara ƙasa tsakanin dogo da makaranta, a sa wa tagogin gefen nan murafu, in kuma da hali kada a sa mahaɗar hanya daidai wurin don kada direba ya riƙa busa a kan yara. Dagaci ya sa hannu, ya aika wa hakimi. Yaya ya ƙi sa nasa da fari, daga baya da ya tuna jikokinsa biyu suna aji ɗaya, ya aiko a kawo masa ya dangwala, amma ya ce kada a gaya wa kowa.

Hedimasta bai jira amsa ba. Da aka dawo hutu ya mai da aji ɗaya da aji biyu ɗaya gefen, ya kawo 'yan aji shida gefen turaku, ya ce su ko ba komai sun riga sun iya baƙaƙe. Ya kuma sa yara suka dasa darbejiya 40 a bayan makaranta. Muka ce masa, "Ai mun gaya maka itace ba ya tare ƙara." Ya ce, "Na ji, Malam. Amma in sun fito ƙirga taragu, gara su tsaya a inuwa."